Takarkarin da Kailu Ya Koya wa Hanyar Gida

A Tungar Bawa, can arewa da Filinge inda kwarin da ake kira dallol ya ɗan matse tsakanin duwatsu, an yi wani mutum Kailu. Bai taɓa zuwa yaƙi ya dawo da labari ba, bai kuma taɓa riƙe sarauta ko ta bakin rijiya ba. Abu guda ya iya, horon takarkari, wato san da ake huda wa hanci a ɗora masa kaya. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, ga shi da rowar magana. Matarsa Habsa takan ce duk mai son jin muryar maigidanta sai ya je bayan turke ya laɓe, don a can yake hirarsa da masu ƙaho.

Shi da wansa Sahabi suke noman gandun da ubansu Bawa ya bari. Sahabi ne babba, shi ke cewa yau a yi shuka, shi ke buɗe rumbu, shi ne kuma yake kwana da lissafin bakunan gidan a ransa. Mutum ne mai saurin fushi, amma ba mugu ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa. Kailu yakan yi nomansa a gandu kamar kowa, in an tashi ya wuce wajen shanu.

Yadda yake horonsa ba wani asiri ba ne, ko da yake mutane sun so su ce asiri ne. Tun sa yana maraƙi, kullum da safe Kailu zai ɗauki wani ɗan ƙoƙo ya ƙwanƙwasa shi da zoben hannunsa, ya yi wani kira can cikin maƙogwaro, sannan ya miƙa tafinsa cike da dusa da aka cuɗa da kanwa. Ba ya zubawa a ƙasa, ba ya zubawa a akushi, sai a tafin hannu. Ba ya kuma dukan dabba, ko da ta taka masa ƙafa. A haka sa zai tashi da sanin cewa duk faɗin duniya wuri guda ne ake samun wannan daɗi, kuma mutum guda ne yake bayarwa.

A zamanin hari wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mahara sukan faɗo daga arewa su kore dukiyar gari, masu shanu su bi sawu su gaji su dawo suna salati. Amma san da ya ci daga hannun Kailu, ko an kai shi bayan Abala, wata rana sai a gan shi ya dawo yana jan guntun igiya, ƙaya duk ta yage masa jiki. Saboda haka har daga ƙauyukan nesa ake kawo masa maruƙa, masu su su zauna ya koya musu kiran da ƙwanƙwasar. Kailu bai yi arziki da abin ba, amma in ya shiga kasuwar Filinge ana matsa masa a tabarma.

Cikin duk shanun da suka bi ta hannunsa, Goshi ne nasa na kansa. Ja ne mai farin goshi, uwarsa ta mutu da rani yana ɗan jariri, Kailu ya raine shi da ruwan dusa yana tsotsa a yatsa. Ya girma ya zama ƙato mai tozo, mai haƙuri, yana ɗaukar taiki biyu na gero zuwa kasuwa ba a ja masa igiya. Habsa takan tsokani mijinta ta ce da Goshi yana daka da ɗiban ruwa da tuni an sallame ta. Kailu sai ya yi murmushi ya ci gaba da cire masa kaska a kunne.

Sai Nasara suka zo. Suka kafa bariki a Filinge, suka ce za su riƙa kai kaya daga Yamai zuwa Tawa har Damagaram, kuma kayan ba za su tafi da ƙafarsu ba. Aka ce kowane gari ya kawo takarkari. Maigari ya duba ya ga in ya kai rago za a dawo masa da shi tare da bulala, don haka ya nuna gidan Bawa. Wani gardin bariki mai jar hula, Ibrah, ya zo karɓa. Kailu bai yi musu ba, don ba a musu da mai bindiga. Da kansa ya ja Goshi har Filinge, ya tsaya aka ɗora wa san tambarin bariki da ƙarfe mai zafi a cinya. Ya yi ta ƙoƙarin bayyana wa Ibrah cewa san ba ya son a ɗaure masa kaya ta hagu da farko, Ibrah ya ce ya ji, alhali hankalinsa yana wani wuri. Kailu ya dawo gida da igiya a kafaɗa, ya ƙi cin tuwo.

Damina ta yi nisa, gero ya yi ciki, gandu ya yi duhu har mutum ya ɓace a ciki. Wata safiya da hantsi Habsa ta ɗauko fura za ta kai gona, sai ta hango ƙahonni suna yawo a saman gero. Goshi ne ya karya shingen bariki ya kamo hanyar gida, sauran takarkaran Nasara kuwa suka bi shi, garke guda, dukansu da yunwa. Shi Goshi turke ya nufa, amma gandu yana kan hanya, kuma baƙin da ya kwaso ba su ga dalilin wuce irin wannan abinci ba.

Habsa ta yi kururuwa. Sahabi ya fito da sanda, maƙwabta suka fito da nasu, kowa yana ihu yana jifa da hoge. Shanu suka firgita suka watsu cikin gona, wannan ya yi gabas wannan ya yi yamma, kara yana karyewa ta ko'ina. Abin da suka tattake a gujen nan ya ninka abin da suka ci. Kailu ya iso a guje daga gayaunarsa, ƴar gonarsa ta kansa, kuma ran nan aka fara jin ya ɗaga murya.

"Ku tsaya! Don Allah ku aje sandunanga! Yaya, kana kashe geron da hannunka!"

"To mi za mu yi?" in ji Sahabi yana haki. "Mu shimhiɗa musu tabarma?"

Kailu ya juya wajen matarsa. Ya aika Habsa ta kawo ƙoƙo da dusa, ya sa kowa ya ja da baya ya yi shiru. Ya zagaya ta inda iska za ta kai ƙanshin kanwa cikin gona, ya tsaya a bakin kunya, ya ƙwanƙwasa, ya yi kiransa. Can sai gero ya motsa, farin goshi ya ɓullo. Goshi ya zo ya sa hanci a tafinsa yana huci kamar jiya suka rabu. Kailu ya juya ya kama tafiya a hankali tsakanin layukan shuka, Goshi a bayansa, sauran suka jeru ɗaya bayan ɗaya suka fito ba su ƙara karya ko kara guda ba. Maƙwabta suka yi ta mamaki. Sahabi bai yi mamaki ba, ɓarnar yake kallo.

Ka'idar wannan ƙasa ta Kurfai tun kaka da kakanni ita ce, in dabba ta yi ɓarna a riƙe ta a ba ta ruwa, mai ita ya zo da dattawa a duba gona a sasanta. Amma wa zai aika wa kumandan, Baturen bariki, ya zo ya duba gona? Kailu ya kora garken ya nufi Filinge, tafiyar wuni cikin rairayi mai cinye ƙafa. Ya isa ya zauna a rana a ƙofar bariki har aka ga dama aka kula shi. Ba wanda ya ce masa sannu. Ibrah ya ƙirga shanun, ya harare shi, ya ce a yi hattara kada a ce sata ce. Kailu ya kwana a zauren wani ɗan garinsu, washegari ya dawo ya shiga saran ƙaya yana toshe inda aka fasa.

Da abin ya tsaya nan da an mai da shi labarin dariya. Amma duk lokacin da ayari ya dawo daga Tawa aka sauke kaya, Goshi sai ya tuna gida. Aka ƙara wa shingen bariki itace, ya ture. Aka ɗaure shi da igiyar hanci a jikin turke, ya ja har hancin ya yage, ya iso Tungar Bawa jini yana ɗiga, da ƴan rakiyarsa a baya. Kowane zuwa gandu yana raguwa, kowane zuwa Kailu yana ɗaukar ƙoƙo ya fitar da su, ya bi rairayin nan zuwa Filinge, ya zauna a rana, ya dawo ya sari ƙaya. Tafin ƙafarsa ya tsage, hannunsa ya cika da sartse, nomansa ya koma baya. Samarin gari suka sa masa suna makiyayin Nasara. Abin da ya fi ba shi kunya kuwa shi ne, duk gajiyar nan, in ya hango farin goshin a cikin gero sai ya ji daɗi ya kama shi kafin baƙin ciki ya biyo baya.

Ran da Kailu ya mayar da su bayan gero ya fitar da kai, Ibrah ya ja shi gefe. Shi ma gardin ya rame, don duk fasa shinge shi ake tsayarwa gaban kumandan.

"Kai mai sa, saurara. Kumandan ya tahi rangadi, amma ya bar magana. In yad dawo yaj ji jan sanga ya sake hita, yanka shi za a yi, soja su ci. Ni na gaji, kai ma ka gaji. Ka san abin da za ka yi."

"Ranka shi daɗe, dabba ce, gida take so."

"Gidanta nan ne yanzu. Ga tambari ga cinya."

Kailu ya iso gida ya tarar da Sahabi zaune a gindin rumbu, yana kallon cikinsa da ya kusa zama wayam. Sahabi bai ɗaga murya ba wannan karon, abin da ya sa maganar ta fi nauyi.

"Kailu, rabin gandu ya tahi. Abin da yar rage shi za mu ci har wata damana, mu da ɗiyanmu. Na rantse da kabarin Bawa, in sanga ya sake sa ƙahwa cikin geronga, ni ka sare mai agara da gatari. Kak ka ce ban hwaɗa ma ba."

"Na jiya, Yaya."

Wuƙa a Filinge, gatari a gida. Kailu ya zauna a turken da ba kowa yana juya ƙoƙo a hannu. Ya yi tunanin ya gudu da san ya ɓoye shi a wani ƙauye, amma tambarin cinya zai tona shi, kuma Goshi zai baro can ma ya dawo. Habsa ta zo ta ajiye masa ruwa, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Maigida, ba shinge ka tsai da shi ba, ba igiya ba. Hannunka yake biyowa."

Kailu ya daɗe yana kallon tafinsa. Daga baya ya ce ta daka masa barkono, mai yawa, ta daka shi ya yi laushi. Habsa ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta fahimta, ta koma ciki. Ran nan an ji dakanta ya yi tsawo, tana yi tana atishawa tana share ido.

Ba a daɗe ba Goshi ya zo, da sassafe, kumandan bai dawo ba tukuna. Allah ya sa shi kaɗai ne ya samu fita. Kailu ya tare shi a gindin babban gawon da ke iyakar gandu, kafin ya shiga gero. San ya rame, bayansa ya yi gyambo saboda an ɗaure kaya yadda aka ga dama, yagaggen hancin bai gama warkewa ba. Kailu ya ƙwanƙwasa ƙoƙo. Ya yi kiran nan da ya yi masa tun yana tsotson yatsa. Goshi ya taho da sauri yana kaɗa wutsiya, ya tura hancinsa cikin tafin da ya sani.

Kailu ya cusa barkonon cikin raunin, ya murza.

Kukan da san ya yi har cikin gari an ji shi. Ya ja da baya yana girgiza kai yana goga hanci a ƙasa, amma bai gudu ba. Ya tsaya yana kallon Kailu da ido cike da ruwa, sannan ya sake matsowa, don bai san wani wurin da ake kai kuka ba. Nan ne Kailu ya ɗauki reshen aduwa mai ƙaya da ya tanada. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa dabba sanda ba ya shiga dukan Goshi a baki da fuska, yana dukan yana ƙwanƙwasa ƙoƙon da ke rataye a wuyansa, yana yin kiran, don san ya haɗa kiran da azabar. Ya bi shi turke ya doke shi a can, ya bi shi bakin rijiya inda yake shan ruwa ya doke shi a can, duk inda Goshi yake so a garin sai da ya ɓata masa shi. Sahabi ya fito da gatarinsa, ya ga abin da ake yi, ya koma ciki ya saki asabari.

A ƙarshe Goshi ya juya ya kama hanyar Filinge da gudu. Kailu ya bi sawunsa daga nesa, ya tarar ya riga ya shiga shingen bariki da kansa ya tsaya a lungu. Ibrah ya dubi fuskar san, ya dubi hannun Kailu da barkono ya ƙone. Ya ce kumandan ba zai ji komai ba, ya miƙa masa butar ruwa.

Goshi bai sake fasa shinge ba. Aka girbe abin da ya saura na gandu, ya kai gidan Bawa har damina da ƙyar, ana haɗawa da ganye. Sahabi ya yaba wa ƙanensa a gaban mutane, ya ce ya yi aikin maza. Kailu ya tsani wannan yabo fiye da tsokanar samari. Ya rataye ƙoƙon a rumfa, kuma da aka kawo masa maraƙi daga Abala ya ce a kai wa wani, hannunsa ya lalace. In ya ji ƙarar ayari zai wuce ta hanyar Tawa, sai ya shige ɗaki ko da rana tsaka ce. Ya ci gaba da noma, ya aurar da ƴaƴansa, ya yi furfura, rowar maganarsa ta ƙaru tunda abokin hirar ba ya nan.

Bayan wasu shekaru Nasara suka sake hanya, kayansu suka koma bi ta kudu, barikin Filinge ya daina bukatar garke. Masu sauran nama aka yanka, waɗanda suka zama ƙashi da fata aka buɗe shinge aka kora su. Cikinsu, takarkaran da Kailu ya hora wa mutane suka kama hanyar gidajensu ɗaya bayan ɗaya, aka yi ta murna a ƙauyuka ana sa masa albarka. Shi kuwa, Habsa ta lura ya sauko da ƙoƙon ya goge shi.

Da rani ne, gandu fili fetal sai kututturen kara. Wata safiya aka ga wani tsohon jan sa tsaye a gindin gawon iyaka, tozonsa ya kwanta, haƙarƙarinsa a waje. Ya zo har nan ya tsaya, bai ƙara taku ba. Kailu ya fito, ya cuɗa dusa da kanwa, ya ƙwanƙwasa ƙoƙo a hankali ya yi kira. Goshi ya zabura, ya juya da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya yi cikin sabara yana tuntuɓe. Kailu ya tsaya da hannu a miƙe har dusar ta bushe.

Washegari san ya dawo gindin gawon. Wannan karon Habsa ce ta karɓi dusar ta zuba a akushi, ta ce wa mijinta ya kauce. Ta tafi ita kaɗai ba kira ba ƙwanƙwasa, ta ajiye ta ja da baya. Goshi ya daɗe yana shinshina iska yana duban gidan, sannan ya sunkuya ya ci.

Haka aka zauna har ƙarshen rayuwar san, wajen shekara biyu. Bai taɓa wuce gawon ba, kuma ko rigar Kailu ya hango sai ya bar abincin. Don haka kowace safiya Kailu ne ke cuɗa dusar, shi ya san yawan kanwar da Goshi yake so, sai ya wanke akushin ta waje don kada ƙanshin hannunsa ya kama, ya miƙa wa Habsa. Ita ta nufi gawo, shi ya zagaya bayan rumbu ya tsuguna inda ba a ganinsa. Daga can ba ya hango komai, sai dai in iska ta juyo yakan ji ƙarar tauna.

In Habsa ta dawo da akushi, tambayarsa guda ce.

"Ya cinye?"

"Ya cinye, maigida. Tashi ka shigo, rana ta yi."